Sun kare sunan giyarsu, mun bar fatarmu ba suna

Bari in wanke kaina tun da farko: ban taɓa kai giya bakina ba, kuma ba tallarta na zo yi ba. Haramun ce, magana ta ƙare. Amma don ba za ka ci abin da maƙwabci ya shuka ba, ai ba zai hana ka duba yadda ya gyara gonarsa ba.

Bara na raka wani ɗan'uwana mai fataucin fatu zuwa Italiya, garin Santa Croce sull'Arno na yankin Tuskani, wanda ya cika da masana'antun jima. Ranar da ba mu da aiki, direbanmu ya zaga da mu kudu da birnin Fulorans, ya nuna mana tuddai sun sha layukan inabi, ya ce na gidan Antinori ne. Kakansu Giovanni di Piero Antinori ya shiga ƙungiyar masu sana'ar giya ta Fulorans a 1385, wato shekara 424 kafin a kafa birnin Sakkwato a 1809. Yau zuriya ta 26 ce ke kan aikin, 'ya'yan Piero Antinori su uku, duk mata, kuma babbarsu Albiera ce shugabar kamfanin. Sunan yankin ma an tsare shi. Tun 1716 mai mulkin Tuskani, Cosimo na Uku, ya shata iyakar yankin Chianti, kuma har gobe wanda gonarsa ke wajen iyakar da doka ta sa bai isa ya manna tambarin baƙin zakara na Chianti Classico a kwalbarsa.

Washegari muka shiga wani ɗakin ajiya. Ɗan'uwana ya zaro fata guda daga cikin ɗauri, ya murza ta tsakanin yatsu, ya ɗaga ta wajen haske, ya ce mini, "Wannan tamu ce." Fatar jar akuyar Sakkwato ce, mai laushi da ƙarko. Na juya ta gaba da baya, ban ga inda aka rubuta Sakkwato ba. Nan gaba kaɗan za ta zama jaka ko takalmi da tambarin Italiya, wani attajirinmu ya saya da tsada, ya dawo yana yi mana yanga.

Wannan ciwon tsoho ne. Tun zamanin ayari ake ƙetara Sahara da jar fatarmu zuwa Arewacin Afirka, Turawa suna saye daga can, suna yi wa littattafansu bango da ita, suna kiranta fatar Maroko. Mu da kiwo da jima da rini, Maroko da suna. Yau hanyar ce kawai ta sauya: daga mahauta zuwa masana'antun Challawa da Sharaɗa a Kano, daga nan sai jirgin ruwa.

Kakana baduku ne a shiyar Madunka. Ina yaro nakan raka shi wurin majema, ina toshe hanci, shi kuwa yana dariya. A can na ga yadda ake jiƙa fata a ruwan toka har gashin ya saki, a kankare, a tsoma ta a ruwan bagaruwa, a shafe ta da mai, sannan a rine ta da karan dafi ta fito ja wur. Ƙanen mahaifina ne ya gaji sana'ar. Idan na kawo masa takalmin kanti ina yabo, sai ya lanƙwasa shi sau ɗaya ya ce, "Ɗiyana, hwata ba ta ƙarya, wagga roba ta." Da Allah ya yi wa Baffa rasuwa aka raba gado, aka sayar da rumfar, kayan aikin suka watse a hannun yara. Babban ɗansa, wanda hannunsa ya fi na kowa faɗawa a ɗinkin alabe, yanzu kabu-kabu yake yi.

Sauƙi gare mu mu ce laifin gwamnati ne, kuma tana da nata kason. Amma wa ya koya wa yaron nan jin kunyar sana'ar ubansa? Mu ne. Mu ne muke ce wa majemi yana wari, mu yi ta jan ƙafa in ɗansa ya zo neman aure. Ni kaina da na samu takardar boko ban ƙara zama a rumfar ba. Ko ranar Babbar Sallah dubi yadda muke fiɗa, wuƙa ta huda fata nan da can don ɗokin nama, a jefar da ita a rana ba ko gishiri.

Rabon gado kuwa haƙƙi ne da Allah ya yanka, ba mai taɓa shi. Sai dai magada na iya sanin kason kowa a cikin rumfa, su bar ta tana aiki suna raba riba, maimakon a sayar a raba kuɗin da ba sa kai wata uku.

Ba sai mun je Turai neman misali ba. Maƙwabtanmu na Nijar sun yi wa kilishinsu da albasar Galmi rajista a OAPI, hukumar da ke kare sunayen kayayyaki, har da fatar jar akuyar Maraɗi, 'yar'uwar tamu. Muna da cibiyar binciken fata ta NILEST a Zariya wadda za ta iya tantance inganci. Ina roƙon gwamnatin jiha da Majalisar Sarkin Musulmi su tara majema da dukawa da dillalan fatu, a fitar da tambari guda wanda duk fatar da aka jeme a ƙasar Sakkwato za ta ɗauka. A yi shi tun dattawan Madunka da suka san aikin suna raye.