Ɗaukewar wuta lokacin ɗari: abin da ya faru a Tekzas darasi ne gare mu

Hausawa na cewa in ka ga gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A watan Fabrairu na 2021, guguwar ƙanƙara ta afka wa jihar Tekzas ta Amurka, jihar da ke da arzikin man fetur da iskar gas. Gidaje da wuraren sana'a sama da miliyan 4 suka wayi gari babu wuta, wasu kwana da kwanaki. Hukumomin jihar sun ƙirga mutum 246 da suka rasu.

Mene ne musabbabi? Rijiyoyin gas da bututu sun daskare, injinan samar da wuta suka tsaya, a daidai lokacin da kowa ya kunna na'urar ɗumama ɗaki. Kuma Tekzas ta ware layin wutarta daga na sauran ƙasar, don haka abin da maƙwabta za su iya kawo mata kaɗan ne. Tun bayan sanyin 2011 masana suka ba da shawarar a kare injina daga daskarewa, amma kamfanoni da yawa suka ga kashe kuɗi ne.

Mu a Nijar ba mu san ƙanƙara tana zuba ba, amma mun san duhu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, Najeriya ta katse mana wuta a ƙarƙashin takunkumin CEDEAO, alhali kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da Nigelec ke rabawa daga can take zuwa. Sai a Maris 2024 aka maido. Su sun tsaya su kaɗai, mu mun jingina da bango ɗaya, sakamakon dai guda ne. Masu sayar da ƙanƙara, kifi, yawurt da ruwan sanyi daga Yamai har Damagaram ba su manta asarar ba.

Abu na farko da Tekzas ta nuna shi ne, in wuta ta tafi ruwa na bin bayanta, domin injinan tura ruwa da wuta suke aiki. Miliyoyin mutane aka umurta su tafasa ruwa kafin su sha. Uwargida, randa da jarka a cike sun fi talabijin amfani ranar da fanfo ya ƙafe.

Na biyu shi ne hayaƙi. Wasu daga cikin mamatan ba sanyi ya kashe su ba, sun shigo da gawayi ko janareto cikin gida ne, iskar guba marar wari ta kashe su. Wannan haɗari yana nan cikin gidajenmu duk hunturu. Kada a kwana da kaskon wuta a ɗaki rufe, janareto kuma wurinsa tsakar gida, nesa da taga. Ciwon kai da jiri su ne gargaɗin farko.

Na uku ya shafi jari. Firiza cike, in ba a buɗe ta ba, tana riƙe sanyi kamar kwana biyu, firigo kuwa awa huɗu kacal. Hajiya, kada ki ci bashi ki cika firiza da kifi ba tare da kin san inda za ki kai shi in wuta ta ɗauke ba. Kauɗa, kilishi da busasshen kifi ba su jiran Nigelec. A tanadi fitila mai aiki da hasken rana maimakon kyandir, wanda ke iya tada gobara a rumfa cikin iskar hunturu. A ajiye ɗan kuɗi a hannu, domin waya ba caji ba ta tura kuɗi. A kuma cire filogin firiza kafin wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙona ta.

Gina tashoshi irin na hasken rana da ke Gorou Banda aikin gwamnati ne, kuma haƙƙinmu ne mu matsa mata. Amma shirin kwana uku a cikin gida, wannan namu ne, kuma ba a fara shi ranar da duhu ya riga ya shigo.