Wayar Hannu a Bakin Tafkin Kainji

A shekarar 1968 aka kammala madatsar ruwa ta Kainji. Tafkin ya haɗiye tsibirai da ƙauyuka, aka tashi mutane sama da 40,000 domin Najeriya ta samu lantarki, cikinsu har da Gungawan ƙasar Yauri. Yau jikokinsu a Yelwa da Warra da Shanga suna kai waya shagon caji, su biya a cika batirin da zai raba dare da su.

Masu tsoron waya sukan fara da ƙirgen sa'o'i, kuma suna da madafa. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a zaunar da jariri gaban allon waya ko talabijin, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuwa kada ya wuce awa ɗaya a yini. Sai dai a wannan shekarar Amy Orben da Andrew Przybylski na Jami'ar Oxford suka tace bayanan matasa fiye da 350,000, suka tarar alaƙar amfani da na'ura da walwalar matashi 'yar ƙanƙanuwa ce. Ashe ƙirge kaɗai bai isa hujja ba. Abin tambaya shi ne, daga ina aka yanko awannin?

A bakin tafki, daga barci ake fara yanka. Matashi na bukatar awa 8 zuwa 10, kamun kifi kuwa sana'ar asuba ce. Yaron da ya kai ƙarfe ɗaya yana TikTok zai shiga kwale-kwale ido na lumshewa, ko ya yi gyangyaɗi a aji.

Asara ta biyu ta fi wuyar mayarwa. Sanin ruwa ba a karatu ake samunsa ba. Ɗan Sarkawa yana koyon iyo da tuƙi ne a bayan mahaifinsa, shekara da shekaru, har ya gane iskar da ke gabatar hadari, ya san inda kututturen itatuwan da tafkin ya binne suke laɓe. Wanda ya ga gasar Rigata a Yauri ya ga ƙarshen wannan horo. Farkonsa dogon zama ne mai gundura, irin wanda waya ta zo ta kawar. Kifewar jirgin nan kusa da Warra a watan Mayun 2021, inda rayuka da dama suka salwanta, ba laifin waya ba ne, amma ta nuna abin da ruwan ke yi wa wanda bai iya shi ba.

Ƙwace wayar ba mafita ba ce. Da ita ake jin farashin albasa da kifi, kuma tun sace ɗaliban kwalejin tarayya ta Birnin Yauri a watan Yunin 2021, babu uwar da za ta so ta kira ɗanta ta rasa shi. Abin da ke hannun iyaye ƙarami ne: bayan isha'i waya ta kwana ɗakin uba, kada kuma a shiga jirgi da ita a tafin hannu. Wahalar ita ce uban ma tasa tana kunne har tsakar dare.