Gwangwani Ba Ya Sakin Rana

Har yau a kasuwar Karaye akwai masu rantsuwa cewa husufin ranar Laraba, 29 ga Maris 2006, ya rufe duniya tun hantsi har azahar, wai da ba don yara sun dage da bugun gwangwani ba, da rana ba ta kuɓuta ba. Na ji irin wannan a Rogo ma, daga bakin dattijo mai furfura. To, ni akawu ne, aikina lissafi, ba zan yi shiru ba.

Wata ne ke gittawa tsakaninmu da rana, inuwarsa ta faɗo ƙasa tana gudu fiye da jirgin fasinja. Faɗinta a wannan rana mil 100 ne da 'yan kai. Ta bi ta Gusau da Katsina, inda duhun bai cika minti 4 ba. Mu kuwa muna gefen hanya, ba ta rufe mana ɗungum ba, sauran ɗan baki ya rage kamar jinjirin wata. Masana sun faɗi ranar da sa'ar tun shekaru kafin a haifi masu bugun. Ina aikin gwangwani a nan?

Mai tsaye a ƙasa ba zai taɓa samun duhun da ya kai minti 8 ba. Na 30 ga Yuni 1973 a ƙasar Nijar minti 7 ya ɗan haura. Waɗanda suka ga minti 74 a ranar, cikin jirgin Concorde suke, suna bin inuwar a guje har suka sauka Cadi.

Abin da ke daɗewa shi ne cin gefen rana, daga kamawa zuwa saki, sa'a biyu da wani abu. Nan haɗarin yake. Muddin akwai saura, ko ƙanƙani, yana ƙona ido ba tare da zafi ba, sai daga baya yaro ya ce yana ganin tabo. Amma sai mu kora 'ya'yanmu waje da gwangwani, kai a sama!

Malamanmu sun san rana ta yi husufi ranar da Ibrahim ɗan Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya rasu, aka hana danganta abin da mutuwar kowa, aka yi umurni da salla. Wane malami ya karantar da kiɗa?