Farar Riga Ba Ta Ajiye Tarihi

Duk shekara, da zarar 'yan aji shida na sakandare sun kammala jarrabawar WAEC da NECO, sai ka ga sun fito da fararen riguna, kowa na rubuta wa ɗan'uwansa suna da 'yar addu'a a baya. Ni ma na yi. Wanki biyu aka yi wa tawa rigar, rubutun ya dishe.

Abin da ya fi zama mini a rai shi ne hirar ɗakin kwana. A makarantarmu an hana magana da harshen gida. Wanda monita ya kama yana Hausa ko Yarbanci ko Ibo, sai ya biya tara ko ya yanke ciyawa. Amma dare na yi, sai harsunan nan su cakuɗe. Garin rogon da muke jiƙawa da sukari da gyaɗa sunansa uku a wurinmu, kuma babu malamin da ba mu laƙaba wa suna ba (wasu sunayen ba za su faɗu a nan ba).

A ganina, irin waɗannan kalmomi ya kamata masu fita su rubuta a littafi su adana. Mu ɗaliban harshe ana koya mana sara da karin harshe a aji, alhali mun baro namu a sakandare ko ɗaya ba mu rubuta ba. Kwanan baya na so in tuno sunan da muke kiran ƙararrawar cin abinci. Na tambayi abokai uku, babu wanda ya tuna.