Tseren motocin ɗalibai: ramin milimita 20 da ke hana babban inji yin sarauta

Duk shekara ɗaliban injiniya daga jami'o'i da dama na kai motar da suka ƙera da hannunsu filin Silverstone na Ingila, ko Hockenheim na Jamus, ko jihar Michigan ta Amurka. Gasar ta samo asali ne a Amurka a 1981 da sunan Formula SAE, Ingila ta bi sahu a 1998 da sunan Formula Student. A 2010 Jamus ta buɗe rukunin lantarki, a 2017 ta ƙara na mota marar direba, kuma manyan ƙungiyoyin Turai da yawa sun koma batir. Sai dai ga makarantar da ba ta da kamfanin da zai zuba mata kuɗi, injin babur ne har yanzu ƙofar shiga, kuma zaɓensa ba na son rai ba ne.

Doka ta ce girman inji kada ya wuce cc 710, bayan an daɗe ana tsayawa kan 610. Amma sharaɗin da ya fi cizo shi ne duk iskar da injin zai shaƙa dole ta ratsa rami guda mai faɗin milimita 20, ko 19 ga masu ƙona man E85 mai yawan itanol. Idan gudun iskar a maƙogwaron nan ya kai saurin sauti, to an kai bango: komai juyawar inji ba ƙarin iska, ba ƙarin ƙarfi.

A nan ne lissafi ke juyewa. Injin mai silinda huɗu irin na Honda CBR600RR ko Yamaha R6 yana ba da ƙarfin doki fiye da 100 a kan babur, amma da an ɗaura masa wannan takunkumi sai kaso mai tsoka ya tafi, nauyinsa na fiye da kilo 50 kuwa yana nan daram. Mai silinda ɗaya na cc 450 bai kai shi ƙarfi ba, sai dai ya fi shi sauƙi da wajen kilo 20, ga ƙarancin shan mai, wanda shi ma ana ba shi maki. Hanyar gasar kwana ce bisa kwana, miƙaƙƙen wuri kaɗan ne, don haka mota marar nauyi takan rama abin da ta rasa. Ƙungiyar haɗin gwiwar jami'ar jihar Oregon da wata makarantar Ravensburg ta Jamus ta lashe gasar Michigan sau da dama da ƙaramin injin Honda mai silinda ɗaya.

To amma ƙarami ma da nasa halin. Yana jijjiga, yana wuyar tashi idan ya yi zafi, kuma yana zuƙar iska ne a guje sau ɗaya cikin juyi biyu, abin da ƙaramin rami bai so. Shi ya sa ake gina masa akwatin tara iska a bayan ramin, a sake tsara kwamfutar da ke auna mai. Wannan wuyar tashi ba ƙaramin abu ba ce: a tseren juriya na kilomita 22, mai maki mafi yawa, ana kashe inji a tsakiya don sauya direba, motar da ta ƙi tashi kuwa ta fita ke nan.

Babban tarkon dai baƙin mai ne. Babur yana kwantawa a kwana, man na zaune a gindin inji inda famfo ke tsotsa. Mota ba ta kwantawa, sai man ya gudu gefe, famfo ya shaƙi iska, cikin daƙiƙoƙi ƙarfe ya fara cin ƙarfe. Masu hali kan mayar da man wani tanki na daban da ƙarin famfo, marasa hali su walda shingaye a cikin kaskon man. A ganina ƙungiyar da ta kashe kuɗinta kan turbo kafin ta magance wannan ta yi gini ne ba tushe.

Darasin da ya fi kusa da mu daga Indiya yake. Ƙungiyoyi da yawa a gasar Formula Bharat na amfani da injin KTM 390 mai cc 373, ba don ya fi kowa ƙarfi ba, sai don Bajaj, mai yin Boxer ɗin da 'yan kabu-kabu suka sani, yana ƙera shi a can kusa da Pune, kayan gyaransa na nan a kasuwa. Duk makarantar fasaha a Maraɗi ko Damagaram da ta yi sha'awar irin wannan aiki, tambayar farko da za ta yi wa kowane inji ita ce: in fistin ya fashe ana saura sati guda gwaji, a wane shago za a samo wani?