Garkuwa da Linzami: Giɓin Hausa a Bayanin Kumburin Hanji

Kalmar "garkuwar jiki" ta zauna daram a Hausa, amma rabin zance take ɗauke da shi. Garkuwa tare hari take yi, ba ta nuna cewa dakarun jiki na bukatar mai tsawata musu. Wannan aikin wasu sinadaran saƙo ne, saitokin masu kwantar da kumburi, irin su IL-10. A 1993 masana a Jamus suka nuna cewa ɓerayen da suka rasa IL-10 kan kamu da kumburin hanji mai naci. A 2009 aka ga makamancinsa a ƙananan yaran da jikinsu ba ya karɓar saƙon sinadarin. Ke nan, a cutar Crohn da gyambon babban hanji, dakarun ne ke wuce gona da iri.

Mai fama da gudawar jini a Sabon Gari kuwa atini ko basir zai kira ta, ya yi ta shan maganinsu, ciwo na cin hanji. Ya kamata masana Hausa na Jami'ar Ahmadu Bello, Samaru, su zauna da likitocin Asibitin Koyarwa na Shika, su samar wa cutar suna nata. Ga sinadaran kuwa, "linzamin garkuwar jiki" ya cancanci a gwada shi.