Ba kowace ƙasa ke jure wuta ba

Tun da sojoji suka ƙwato Wad Madani a Janairun 2025 mutanenmu ke komawa gida, amma gas da lantarki ba su wadata ba. Shi ya sa na ga murhun yumɓu ya dawo kasuwa, ana ta gyaran gidajen burodi.

To fa, baƙar ƙasar Jazira tsagewa take da ta bushe, sai magina sun haɗa ta da ƙaiƙayi ko dakakken tsingaro. Yumɓun da ake lulluɓe cikin tanda da shi kuwa daban ne: alumina ta yi masa yawa, yana jure zafin digiri 1,500.

Shawarata, kafin ka biya magini, tambaye shi inda ya haƙo ƙasarsa. Tandar da ta tsage, sau biyu za ka biya.